Jikin da Ba Ya Jin Gubar Bakteriya: Nazarin Lamarin Wata Yarinya, 1997 zuwa 2010

Asalin lamarin

A shekarar 1997 masu bincike a cibiyar nazarin lafiya ta ƙasar Amurka, wato NIH da ke Bethesda a jihar Maryland, suka wallafa bayanin wata yarinya 'yar shekara 15. Cututtukan bakteriya masu tsanani ne suke ta dawo mata. A yi magani ta miƙe, bayan wani lokaci wata ta sake kayar da ita.

Idan aka kawo yaro irin wannan, akwai hanyar da likitoci suka saba bi. Ana ƙirga fararen ƙwayoyin jini a ga ko sun yi ƙaranci. Ana auna furotin ɗin kariya da jiki ke ƙerawa, IgG da IgA da IgM. Ana duba rukunin furotin na jini da ake kira kwamfilimen, masu manne wa bakteriya su huda ta. Ana tabbatar da cewa saifa tana nan kuma tana aiki, don yaron da saifarsa ta mutu, kamar mai cutar sikila, bakteriya masu kwanso suna yi masa saurin kisa. Sai a gwada nutrofil, fararen ƙwayoyin da suka fi yawa a jini: suna iya fita daga jijiya su isa wurin ciwo? In sun haɗiye bakteriya suna iya ƙone ta? Kowace daga cikin waɗannan tambayoyi tana da cutar da aka riga aka sa wa suna. Lamarin yarinyar bai zauna cikin ko ɗaya ba. Kayan yaƙin duk suna nan, amma cuta tana shiga tana yin yadda ta ga dama.

Abin da aka sani kafin 1997

Garkuwar jiki kashi biyu ce. Akwai mai koyo, wadda sai ta haɗu da ƙwayar cuta sannan ta ƙera mata makami na musamman, aikin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu a karon farko. Akwai kuma wadda aka haifi mutum da ita, mai tashi cikin mintoci ko sa'o'i. Bakteriya kamar Escherichia coli tana iya rabuwa biyu duk minti 20 idan ta sami wuri mai daɗi, don haka jiran mako guda ba zai yiwu ba.

A 1989 Charles Janeway na Jami'ar Yale ya kawo hasashen cewa ƙwayoyin wannan garkuwa ta haihuwa suna ɗauke da makarɓa, wato furotin da ke zaune a jikin ƙwaya suna cafke wasu alamomi da ƙwayoyin cuta ba za su iya rabuwa da su ba, jikin mutum kuma ba ya yin irinsu. Alamar da aka fi sani a lokacin ita ce LPS, wani haɗin kitse da sukari da ya lulluɓe bangon waje na bakteriya rukunin Gram-negatif, irin su E. coli da Salmonella da Neisseria meningitidis mai kawo annobar sanƙarau. Shi ne ake kira gubar bakteriya. Ɓangaren kitsen, lipid A, shi ne ainihin abin da jiki ke ji.

Zuwa 1990 an gano matakai biyu na farko. Wani furotin da hanta ke zubawa a jini, LBP, yana ciro LPS ɗaya bayan ɗaya daga dunƙulensa ya miƙa wa CD14, wanda ke saman fararen ƙwayoyin da ake kira monosait da makrofaj. Littattafan lokacin suna kiran CD14 makarɓin LPS. Sai dai da sauran rina a kaba: CD14 a waje kawai yake rataye da ɗan ƙugiyar kitse, ba shi da jelar da ta ratsa cikin ƙwaya. Zai iya kamawa, amma ba shi da bakin kai labari ciki.

Gwajin farko: allurar guba

Masu binciken suka yi wa yarinyar gwajin da aka saba yi wa masu lafiya da suka ba da kansu, wato allurar tataccen LPS na E. coli a jijiya. Babu bakteriya mai rai a ciki, alamar ce kawai. Adadin da ake bayarwa a irin wannan gwaji nanogiram 2 zuwa 4 ne ga kowane kilo na nauyin jiki. Nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram, ke nan mai kilo 60 abin da zai shiga jikinsa bai wuce nanogiram 240 ba, abin da ido ba zai taɓa gani ba.

Duk da haka an san abin da ke biyowa baya. Wajen awa guda mutum zai fara jin sanyi, ya kama makyarkyata, kansa ya sara, gaɓoɓinsa su yi ciwo. Sinadarin aike na farko, TNF, yana kai ƙololuwarsa a jini wajen minti 90. IL-6 da IL-8 su biyo shi a awa na biyu zuwa na uku. Zazzaɓi ya kai ganiyarsa wajen awa 3 zuwa 4. Nutrofil su ɗan ragu da farko saboda sun manne a bangon jijiyoyi, sannan ɓargo ya sako sababbi su ninka. Kafin washegari komai ya lafa.

A jikin yarinyar zafin ya ɗan taɓa kaɗan, bai kai yadda aka saba gani ba. Adadin nutrofil kusan bai motsa ba. TNF da IL-6 da IL-8 sun tashi ƙasa da ƙa'ida, haka G-CSF mai umartar ɓargo ya ƙara nutrofil, haka laktoferin da nutrofil ke fesawa idan sun farka. Abubuwa biyu ne suka tashi daidai da na kowa: IL-1Ra da narkakken makarɓin TNF, waɗanda aikinsu kwantar da kumburi ne. Wannan sakamako na ƙarshe an rubuta shi an ajiye, don a 1997 babu abin da za a jingina shi da shi.

Gwaji a kwalba: zargin CD14 ya faɗi

Wanda aka fara zargi shi ne CD14, tunda shi kaɗai aka sani. Aka ware monosait daga jininta aka duba. CD14 yana nan yadda ya kamata, kuma da aka zuba LPS ya kama shi. Amma ƙwayar ba ta fitar da TNF ko G-CSF ba.

Sai aka koma kan nutrofil, kuma nan ne aka yi aikin da ya fi kowane amfani a wannan lamari. Nutrofil mai lafiya idan ya ji LPS yana sauya tufafinsa. Yana fito da CD11b da CD18 da yawa a samansa, furotin ɗin da yake riƙe bangon jijiya da su gam, yana kuma kakkaɓe wani mai suna L-selektin, wanda yake mirginawa da shi kafin ya tsaya. Ana iya ƙirga wannan sauyi da na'urar da ke wuce da ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken lesa. An jiƙa nutrofil ɗinta cikin LPS nanogiram 100 zuwa 1000 a kowace mililita na tsawon minti 30, adadin da ya ninka na allurar nesa ba kusa ba. Ba su sauya komai ba.

Da an tsaya a nan, da sai a ce nutrofil ɗin ne ragwaye. Sai aka kawo fMLP, wani guntun furotin irin na bakteriya mai nasa makarɓin daban. Nan take ƙwayoyinta suka fito da CD11b da CD18, suka zubar da L-selektin, daidai da na mai lafiya. Aka gwada wani abu kuma. Nutrofil yana ƙona bakteriya da iskar oksijin mai guba, kuma idan aka fara ɗana shi da LPS ko IL-1 ko TNF ko PAF (ukun ƙarshe sinadaran aike ne da jiki ke yi) kafin a ba shi fMLP, fesawar tana ƙaruwa sosai. Nata sun ɗanu da TNF, sun ɗanu da PAF. LPS da IL-1 kuwa kamar an zuba ruwa. Monosait ɗinta ma ba su amsa wa IL-1 ba, ba su amsa wa Staphylococcus aureus da aka kashe da zafi ba, ba su amsa wa narkakken gulukan, wani sukari na bangon fumfuna, ba.

Wannan jeri ya kawar da zargi da yawa a lokaci guda. Injin ƙona bakteriya lafiya lau, tunda yana tashi. Furotin ɗin mannewa suna nan. Ita ma hanyar da TNF ke bi zuwa tsakiyar ƙwaya a buɗe take, kuma an san cewa TNF da IL-1 da LPS duk suna ƙarewa ne kan NF-kB, furotin ɗin da ke kunna ƙwayoyin gadon kumburi. Ke nan ƙarshen hanya ba shi da matsala. Sauran abin mamakin shi ne haɗuwar abubuwa uku da ba su yi kama ba: LPS na bakteriya ne, IL-1 jikin mutum ne ke yin sa, S. aureus kuwa Gram-fozitif ce, ba ta da LPS ko kaɗan. Masu binciken suka rufe rahoton 1997 da cewa matsalar tana can farkon hanyar isar da saƙo cikin ƙwaya. Ba su iya kiran sunan wurin ba, don ba a riga an gano shi ba.

1996 zuwa 1999: ƙuda, ɓera da TLR4

Amsar ta fara fitowa daga inda ba ruwansa da asibiti. A 1996 a Strasbourg ta Faransa, Bruno Lemaitre da Jules Hoffmann suka nuna cewa ƙudan 'ya'yan itace da aka lalata wa ƙwayar gadon Toll ba ya iya kare kansa daga fumfunar Aspergillus, tana cinye shi. Da ma an san Toll, amma a matsayin mai tsara ciki da bayan tayin ƙuda. An kuma lura tun 1991 cewa jelarsa ta cikin ƙwaya tana kama da jelar makarɓin IL-1 na ɗan Adam. A 1997 Ruslan Medzhitov da Janeway suka bayyana ɗan'uwan Toll a jikin mutum, wanda daga baya aka sa wa suna TLR4.

Akwai kuma wani jinsin ɓeran gwaji, C3H/HeJ, da aka sani tun shekarun 1960 cewa LPS ba ya kashe shi. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin sa'a, amma idan aka sa masa Salmonella mai rai yana mutuwa da ɗan adadin da sauran ɓeraye ke kawarwa. A Disamban 1998 Bruce Beutler da abokan aikinsa a Dallas suka gano dalili: amino asid ɗaya tak ya sauya a jelar TLR4, furolin ya koma histidin a gurbi na 712. A 1999 Kensuke Miyake a Japan ya gano MD-2, ƙaramin furotin da ke manne da TLR4. Hoton da aka samu a 2009 ya nuna yadda abin yake: lipid A na E. coli yana da jelolin kitse shida, biyar suna nutsewa cikin aljihun MD-2, ta shidan ta rage a waje ta jawo TLR4 na biyu. Haɗuwar biyun ce ke kusanto da jelolinsu na ciki, daga nan saƙo ya tashi.

Yarinyar ta yi kama da wannan ɓera ƙwarai, don haka zargi ya koma kan TLR4. Amma lissafin bai fita ba. Ɓeran C3H/HeJ yana jin IL-1 lafiya lau, yana kuma jin bakteriya Gram-fozitif, waɗanda aka nuna a 1999 cewa TLR2 ne ke gane furotin mai kitse na bangonsu. Lalacewar makarɓi ɗaya ba za ta toshe ƙofa uku ba.

1998 zuwa 2002: ƙofofi da yawa, zaure ɗaya

Cikin waɗannan shekaru aka cika jerin. Mutum yana da TLR goma, wato makarɓa 'yan'uwan Toll. TLR1 da 2 da 4 da 5 da 6 suna saman ƙwaya suna jiran abin da ke bangon bakteriya, TLR5 misali yana gane filajelin, furotin ɗin wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita. TLR3 da 7 da 8 da 9 suna cikin 'yan jakunkunan da ƙwaya ke zuba abin da ta haɗiye, suna jiran RNA da DNA na baƙo. Ajiye su a can hikima ce, don a waje za su riƙa cin karo da DNA na mai gida.

Abin da ya shafi yarinyar shi ne bayan ƙofar. Makarɓan TLR da na IL-1 da na IL-18 (wani sinadarin aike) duk jelarsu ta ciki iri ɗaya ce, ana kiran ta TIR. Idan jeloli biyu suka haɗu sai su kira MyD88. Shi kuma yana da wani ɓangare da ake kira yankin mutuwa (suna ne kawai da ya samo daga furotin ɗin da aka fara ganin irinsa a jikinsu), da shi yake jawo enzayim ɗin IRAK. Daga nan saƙo ya bi ta TRAF6 da TAK1 zuwa IKK, wanda ke sa a rushe IkB, ɗaurin da ke tsare NF-kB. Da an kwance shi sai ya shige tsakiyar ƙwaya ya kunna TNF da IL-6 da IL-8 da IL-1. TNF kuwa nasa makarɓin yana isa IKK ta wata hanya da ba ta bi ta MyD88.

Ɗakin gwajin Shizuo Akira a Japan ya samar da ɓerayen da ba su da MyD88 a 1998, aka ga ba sa jin IL-1 da IL-18, a 1999 kuma aka ga LPS ba ya jefa su cikin suma. A 2002 aka gano ɗan gidan IRAK na huɗu, IRAK-4, aka nuna shi ne na farko da MyD88 ke kira, shi ke ɗora wa IRAK-1 fosfet ya tashe shi. Ɓeran da aka cire wa IRAK-4 ya fito ba ya jin LPS da IL-1, kamar yarinyar. Waɗanda ake zargi suka ragu zuwa 'yan ƙalilan.

2003: an kai ga wurin

Ƙungiyar John Gallin ta NIH ta haɗa hannu da ta Stefanie Vogel, wadda ta daɗe tana aiki kan ɓeran C3H/HeJ, suka koma kan marar lafiyar, wadda a lokacin ta shiga shekarunta na ashirin. An ƙara gwaji uku.

Na farko gwajin bororo ne. Ana ɗora wata na'ura mai tsotso a fatar hannu har ƙananan bororo su tashi, a cire rufinsu, a kifa ɗan mazubi, sannan a riƙa auna fararen ƙwayoyi da sinadaran da ke taruwa a wurin cikin sa'o'i. Babu ƙwayar cuta a wannan rauni. Duk da haka amsar jikinta ta gaza ta mai lafiya, abin da ya nuna hanyar da ta toshe ita ce kuma jiki ke bi ya sanar da kansa cewa ya ji ciwo.

Na biyu, an gwada IL-18, ƙwayoyinta ba su amsa ba. An bi hanyar mataki mataki: NF-kB da takwaransa AP-1 ba sa shiga tsakiyar ƙwaya yadda ya kamata, enzayim ɗin p38 ba ya karɓar fosfet ɗin da ke tashinsa, IRAK-1 ba ya tashi bisa tsari. IRAK-1 yana nan amma ba mai tashinsa, ke nan a duba wanda ke gabansa.

Na uku shi ne karanta ƙwayar gadon IRAK4, wadda ke kan kuromosom na 12, mai ƙera furotin na amino asid 460. Kwafi biyun da mutum ke gada, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, duk sun lalace, kowane ta hanyarsa. A ɗaya, harafin C a gurbi na 877 ya koma T, sai umarnin sa gulutamin na 293 ya zama umarnin tsayawa. A ɗayan, haruffa biyu, A da C, sun ɓace a gurbi na 620 da 621. Tunda uku uku ake karanta haruffan, ɓacewar biyu tana karkatar da duk abin da ya biyo baya, karatun ya tsaya ba da nisa ba. A duka biyun yankin mutuwa ya tsira, ɓangaren da ke ɗora fosfet ya guntule. Da aka sa guntayen cikin ƙwayoyin gwaji na HEK293T, ba wanda ya iya tayar da IRAK-1.

A shekarar dai, Capucine Picard da Jean-Laurent Casanova na asibitin Necker a Paris suka wallafa labarin yara uku da ba su da dangantaka da juna, duk da rashin IRAK-4, duk suna fama da Streptococcus pneumoniae da S. aureus. A 2008 aka sami yara masu rashin MyD88, kuma a gadon asibiti ba a iya bambanta su da na farkon.

A 2002 da 2003 ne kuma aka gano TRIF, hanya ta biyu da TLR4 ke bi bayan an haɗiye shi cikin jaka, wadda TLR3 ma ke bi, ba ta buƙatar IRAK-4. Wannan ya ba da inda za a jingina sakamakon nan na 1997 da aka ajiye: mai yiwuwa jikinta ya ji LPS ta ƙofar baya, shi ya sa wasu sinadarai suka tashi.

2003 zuwa 2010: abin da ya yi aiki

Ba a gyara ƙwayar gadon ba. Abin da sunan cutar ya kawo shi ne hanyar gane ta da wuri da tsarin rainon yaran. A 2006 aka mayar da abin da aka gani a nutrofil ɗin yarinyar gwajin gaggawa: a ɗebi jini sabo, a raba shi kwalabe, a zuba LPS da sauran masu tayar da TLR, a bar kwalba ɗaya da sinadarin da ke tayar da ƙwaya ba ta hanyar TLR ba don shaida, a ajiye a zafin digiri 37, sannan a duba ko L-selektin ya zube. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin jini ya kwana ko ya sha jijjiga a hanya, don nutrofil yakan zubar da L-selektin da kansa, sakamakon ya rikice. Shi ya sa ake haɗa jinin mai lafiya a yi musu tafiya ɗaya. Ana tabbatarwa da auna IL-6 bayan kwana ɗaya ko biyu, sannan karatun ƙwayar gado.

A 2010 aka tattara bayanan mutum 60 daga iyalai 37 a ƙasashe 15, 48 masu rashin IRAK-4, 12 masu rashin MyD88. Mutum 41 sun yi fama da S. pneumoniae da ta shiga jini ko ƙwaƙwalwa ko gaɓa. Pseudomonas aeruginosa da S. aureus suka biyo baya da nisa. Kusan tara cikin goma cutar farko mai tsanani ta same su kafin shekara 2. Mutum 24 sun rasu, 10 daga cikinsu a kamun farko. Ba wanda ya rasu bayan shekara 8, kuma a wannan rukuni ba a ga cuta mai shiga jini ba bayan shekara 14.

Abin da ya ci rayuka shi ne jira. IL-1 da IL-6 da TNF su ne ke sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki, IL-6 kuma shi ke sa hanta ta zubo CRP, ma'aunin kumburin da likita ke dubawa. Yaro mai wannan rashi yana iya zama da sanƙarau alhali zafinsa bai kai digiri 38 ba, CRP ɗinsa a ƙasa, fararen ƙwayoyinsa ba su hau ba. Alamomin kan zo a makare ko su zo da rauni. Mugunya kuwa tana taruwa, don nutrofil suna isa wurin ta wasu hanyoyi. A wasu jariran cibiya takan yi jinkirin faɗuwa.

Tsarin da aka ga amfaninsa har zuwa balaga shi ne maganin bakteriya na kullum, galibi kotirimokzazol tare da fenisilin na sha, da allurar rigakafin S. pneumoniae da bakteriyar Hib (Haemophilus influenzae nau'in b) da sanƙarau, da ƙarin IgG a jijiya ko ƙarƙashin fata, musamman tunda wasunsu ba sa ƙera kariya mai kyau ga sukarin kwanson bakteriya. Sai doka ɗaya ga iyaye da likita: da zarar an yi zargin cuta, ko da zazzaɓi kaɗan ne ko babu, a ɗebi jini don shuka shi a ɗakin gwaji a ga ko bakteriya za ta tsiro, a fara allurar maganin bakteriya nan take, ba a jiran sakamako. Zaɓin maganin ma sai an kula, don seftiriyakzon da aka saba farawa da shi ba ya taɓa Pseudomonas.

Gadon na ɓoye ne, sai kwafi biyu sun lalace. Iyaye masu ɗauke da kwafi ɗaya lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na haifar da mai cutar. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar kwafi iri ɗaya su haɗu, ko da yake lamarin wannan yarinya, mai lalacewa biyu mabambanta, ya nuna ba sai da shi ba. Ƙanen da aka haifa bayan an gano cutar ana gwada shi tun yana jariri.

Hukunci

Zargi biyu sun faɗi, CD14 da TLR4, kuma dalilin faɗuwarsu ɗaya ne: an nemi matsalar a wurin kamawa saboda nan ne ilimin lokacin ya tsaya. Abin da ya riƙe binciken a kan hanya shi ne gwajin 1997 da aka tsara da abokan gwami. Ba a tsaya kan cewa LPS bai yi aiki ba, an jera shi da fMLP da TNF da PAF da IL-1 a kan ƙwayoyi ɗaya. Waɗanda suka yi aiki sun wanke ƙarshen hanya, waɗanda suka ƙi sun nuna mahaɗa. An zana iyakar wurin shekara biyar kafin a san akwai IRAK-4.

LPS ne ya tona matsalar, amma ba shi ne ya fi kashe masu ita ba. S. pneumoniae ba ta da LPS. Jiki yana jin ta ne ta TLR2 da makarɓan RNA da DNA na cikin jaka da kuma IL-1, duk kuwa ta zauren IRAK-4 suke bi, ga kwansonta na sukari da ke hana a haɗiye ta sai an sami IgG. Da lalacewar a TLR4 kaɗai take, da hoton ya bambanta.

Ɓera kuma ya yi ƙarin gishiri. Wanda ba shi da MyD88 yana faɗuwa gaban bairos da fumfuna da farasayit iri iri a ɗakin gwaji. Yaran ba su nuna rauni na musamman ga waɗannan ba, saboda akwai masu gadin da ba su bi ta wannan zaure: TLR3 da TRIF, RIG-I da MDA5 masu gane RNA na bairos a cikin ruwan ƙwaya, NOD1 da NOD2 masu gane guntayen bangon bakteriya, dektin-1 mai gane fumfuna, da kwamfilimen. Raguwar cutar da girma ta fi dacewa da taruwar IgG, wato garkuwa mai koyo ta cike gurbin a hankali, abin da ya sa ƙarin IgG da rigakafi suka fi amfani a shekarun farko, daga baya tasirinsu ya daina bayyana.

Rashin IRAK-4 cuta ce da ba kasafai ake gani ba, kuma gwajinta sai babban asibiti. Inda ta haɗu da aikin yau da kullum a asibitocin yara na arewacin Najeriya da kudancin Nijar shi ne batun zazzaɓin da bai zo ba. Jariri sabon haihuwa da yaro mai tamowa mai tsanani su ma sukan ɗauki cutar jini ba tare da zafin jiki ba, wani lokaci ma jikin sanyi yake yi, ko da yake dalilin nasu daban ne da na wannan yarinya. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba yaro mai tamowa mai tsanani maganin bakteriya tun ranar da aka karɓe shi, ko ma'aunin zafi ya nuna wani abu ko bai nuna ba.